Na kai yarana ganin jirgin yaƙi Trincomalee

Ranar Asabar na ɗauki yarana biyu muka je Hartlepool, a arewa maso gabashin Ingila, don ganin Trincomalee, jirgin yaƙin katako mai tafiya da iska. Kuɗin shiga da na jirgin ƙasa ba su yi mini ciwo ba, domin abin da muka gani ya fi su daraja.

Jirgin ɗan gidan Leda ne, jerin jiragen yaƙi masu sauri da sojan ruwan Birtaniya suka ƙera bisa fasalin Hebe, jirgin Faransa da suka kama a 1782. Cikin 'yan gidan akwai Shannon, wanda ya kama jirgin Amurka Chesapeake a 1813. Biyu kaɗai suka rage yau: wannan, da Unicorn da ke Dundee, a Scotland.

Abin da ya fi kama mini zuciya shi ne hannun da ya yi aikin. A Bombay (Mumbai ta yau), a Indiya, aka ƙera shi, aka sa shi a ruwa a 1817, ƙarƙashin babban maƙerin jirage Jamsetjee Bomanjee Wadia. Yaƙe-yaƙen Napoleon sun sa katakon da Ingila ta saba amfani da shi ya yi ƙaranci, sai aka koma ga katakon tik na Indiya. Na daɗe ina shafa bangon cikin jirgin, ina tunanin kafintocin nan da yawancinsu ba wanda ya san sunansu, amma ga aikinsu yana kan ruwa bayan shekara fiye da 200.

Benen igwa ne ya fi burge yaran, manyan bindigogi a jere hagu da dama, kowace da tagarta. Da muka gangara ƙasa inda matuƙa ke rataya ragar kwanciya, sai na ga 'yata ta yi tsit. Wuri ne mai duhu, rufin kuma dab da kai, a nan mutum wajen 300 suke zaune wata da watanni, cimarsu naman gishiri da busasshen biskit.

Mai zuwa ya sa takalmi mara santsi, ya riƙa sunkuyawa, matakalan suna da tsayi da ƙunci. Ban ba da shawarar a shiga da tsoho mai ciwon gwiwa ba. Awa biyu muka yi, kuma na yi wa yaran alkawarin za mu je Dundee mu ga Unicorn, ɗan'uwan wannan jirgin.