Aikin duba-gari a gidajen abincin Kano: abin da yake kamawa da abin da ke kuɓuce masa

Abincin gwangwani, ruwan leda da duk abin da aka ƙulle a masana'anta, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, NAFDAC, ce ke da su. Amma tukunyar mai tuwo, teburin mai shayi da tukubar mai tsire, waɗannan na duba-gari ne, wato ma'aikatan lafiyar muhalli na ƙananan hukumomi da na jiha. Tun zamanin Turawa ake aikin, kuma tun 2002 akwai dokar tarayya da ta wajabta musu rajista.

Inda suka fi ƙarfi shi ne abin da ido ke gani. Za su leƙa makewayi, su bi kwata su ga inda ruwan wanke-wanke ke kwanciya, su buɗe kwandon shara, su duba farce da ɗankwalin masu girki. Sai takardar gwajin lafiya da ake sabuntawa duk wata shida: bayan gida, taifot, tarin fuka, ciwon hanta. Wannan gwaji ya cancanci yabo, domin mutum na iya ɗauke da ƙwayar taifot yana tafiya garau, yana zuba wa jama'a miya. Sai dai sau da yawa takardar uwar ɗaki kaɗai ake nunawa, yaran da ke yanka salak da wanke kwano babu wanda ya gwada su, alhali hannunsu ne a cikin abincin.

Babban giɓin yana cikin kular da ake zuba dafaffen abinci. Ƙwayoyin cuta na hayayyafa ne tsakanin digiri 5 da 60, kuma ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a wannan tsakani. Ɗauki shinkafar da aka sauke ƙarfe goma na safe aka juye a kula. Zuwa la'asar ana buɗewa ana rufewa, murfin na ɗigar gumi, shinkafar ta koma ɗumi-ɗumi. Ba ta yi tsami ba, ba ta wari, hanci ba zai gane komai ba. Amma akwai ƙwayar da dahuwa ba ta kashe irinta a shinkafa, tana farfaɗowa a wannan ɗumin ta zubar da dafin da ko an sake ɗumamawa ba ya mutuwa. Shi ke kawo amai cikin awa ɗaya zuwa shida. Ɗan ƙaramin ma'aunin zafi da ake cakawa a tsakiyar abinci zai tona wannan cikin minti guda, amma da wuya ka gan shi a aljihun mai dubawa. Haka firjin da Nepa ta ɗauke tun dare: a buɗe, a ga tsaf, a wuce.

Lokacin zagaye ma bai dace ba. Ana fitowa da hantsi, masu tsire, balangu da shayi kuwa sai bayan magariba suke baje kaya, a katako ɗaya ake yanka ɗanyen nama da albasar da za a ci ɗanya.

Ruwa da kayan haɗi su ma suna buƙatar tambaya, ba kallo kawai ba. Daga wace rijiya ɗan garuwa ya ɗebo? An sa kulorin an jira minti 30? A 2021 kwalara ta kashe sama da mutum 3,000 a Najeriya, Kano na cikin jihohin da ta fi taɓawa. A watan Maris na shekarar ne kuma aka kwantar da ɗaruruwan mutane a Kano bayan shan lemon da aka haɗa da gurɓataccen ɗan tsami. Mai zoɓon da ta sayi awon ɗan tsami a leda marar suna ba ta da hanyar ganewa, sai mai dubawa ya nemi ganin buhun da ranar lalacewarsa.

Tara da rufe shago suna tsoratarwa na mako guda. Abin da ya fi amfani shi ne a rubuta gyaran da ake so, a ba da kwana bakwai, a dawo ba sanarwa, sannan a manna sakamakon a bakin ƙofa inda mai shigowa cin abinci zai karanta.