Na raba wa kowa ƙararsa a wayata: abin da ya yi aiki da wanda bai yi ba

Ga mai gaggawa, hukuncina shi ne saitin da ke cikin wayar Android ya isa mutum sauya ƙarar kira da ta saƙo yadda yake so. Manhajar da na sauke musamman don wannan aiki kuwa, abu ɗaya tak ta tsinana mini, wato yanka sauti.

Sana'ata POS da cajin waya a Jega, dab da kasuwa. Wanda ya taɓa zama a shagon caji ya san halin da ake ciki. Wayoyi ne jere a kan allo, akasarinsu Tecno da Infinix da itel, waɗanda duk kamfani ɗaya ke ƙera su, Transsion na ƙasar Sin. Mutanenmu kuma ba kasafai suke taɓa ƙarar da waya ta zo da ita ba. Ɗaya na yin kuka sai ka ga mutum uku sun dafa aljihu, ni kuma ina bin allo da ido ina neman wadda ke haske, ga janareta na ruri a bayan shago. Abin da nake nema shi ne kunnena ya gaya mini wanda ke kira da irin saƙon da ya shigo, ba sai na saki kuɗin da nake ƙirgawa ba.

Sauya ƙarar kira ba wuya. Ka shiga saitin, ka buɗe sashen sauti, za ka tarar kowane layi da gurbinsa idan wayarka mai sim biyu ce. Na ba layin kasuwa ƙara mai kaifi, na gida kuma mai taushi. Wannan kaɗai ya rage mini rabin wahala, domin bayan isha'i idan na ji mai kaifin, na san maganar tiransifa ce da ta maƙale, ina iya gama tuwona tukuna.

Idan kana son sa naka sautin, a nan ne ake ɗan tuntuɓe. A cikin ma'ajiyar waya akwai folda uku, Ringtones da Notifications da Alarms. Ta farko ta kira ce, ta biyu ta saƙonni, ta uku ta agogon tashi. Duk sautin da ka jefa a ɗaya daga ciki zai fito a jerin zaɓi, matuƙar MP3 ne ko makamancinsa. Shawarata ka ajiye shi a cikin wayar kanta. Masu barin shi a memori suna yawan dawo mini da ƙorafi, don da zarar an zare memorin, ko an goge fayil ɗin garin share tarkace, sai waya ta koma tsohuwar ƙararta, wata ma ta yi gum. Saƙon murya na WhatsApp shi ma ba lallai ya fito a jerin ba, saboda nau'insa Opus ne, sai an juya shi zuwa MP3.

Inda na fi ɓata lokaci shi ne zaɓen sautin kansa. Da farko kiɗan ganga na sa, wanda idan ka ji shi a babbar sifika har ƙirji yake taɓawa. A waya kuwa ya zama wani ɗan ƙwas-ƙwas da janareta ke haɗiyewa. Dalilin a bayyane yake: sifikar waya ƙarama ce ƙwarai, ba ta iya tura iskar da sauti mai kauri ke buƙata, amma siririn sauti tana fitar da shi tsaf. Da na koma kan busar algaita da wani abokina ya ɗauka a hawan salla, ko wayar na cikin aljihun 'yar shara ina kan babur sai na ji ta. Sarewa ma ta yi. Kuma kada ka ɗauko waƙa daga farkonta, inda makaɗa ke ta shimfiɗa, domin kafin a kai ga wurin da ke da ƙarfi mai kira ya gaji ya katse. Ka yanko daƙiƙa 20 zuwa 30 daga tsakiyar inda kiɗa ya kankama.

Yankan nan shi ya kai ni ga manhajar, irin na kyauta da suka cika Play Store. Gaskiya wajen yanka ta iya aikinta. Tana zana sautin a allo kamar kunyoyin gona, ka ja alama biyu zuwa inda kake so, ka saurara, ka adana. Akwai ma wurin da za ka sa sautin ya fara a hankali ya riƙa hawa, abin da ya dace da agogon asuba idan ba ka son tayar da yara a firgice. Amma kafin ka yanka sauti ɗaya sai talla ta rufe allo, ka adana wata ta biyo, kowace kuma datarka take sha. Tarin ƙararrakin da ta zo da su ba wanda ya dace da kunnena. Ta kuma nemi izinin shiga lambobin mutanena, na hana ta, tunda wayar da kanta tana iya liƙa wa kowa ƙararsa. Idan ka kashe data kafin ka buɗe ta, yawancin tallar ba ta zuwa. Na yanka abin da nake so, na tabbatar ya zauna a foldarsa, na goge ta.

Ƙarar mutum ɗaya-ɗaya ita ce ta fi burge ni. Ka buɗe sunan mutum a cikin lambobinka, ka zaɓa masa sautinsa. Inna tana da nata, maiɗakina da nata, yaron da ke ɗauko mini tsabar kuɗi daga banki shi ma da nasa. Sharaɗin kawai shi ne lambar ta kasance a waya ko a asusun Google. Wadda ke kan sim ba ta karɓa, don abin da sim yake riƙewa suna ne da lamba kaɗai.

Wani dattijo mai fataucin albasa daga Aliero ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Ɗana, wayag ga ba ni jin kukanta sai an gama kira." Na duba na ga sandar ƙarar waƙa ya cika, ta kira kuwa tana can ƙasa. Maɓallin gefen waya a yawancin lokaci ƙarar waƙa da bidiyo yake ɗagawa, ta kira sai an shiga ciki. Na ce, "Baba, wa kuka fi son ku ji in ya kira?" Ya ce direban motar da ke kai masa kaya kudu. Na sa wa direban algaita, na ɗaga ƙara, na haɗa da jijjiga.

Ga mai POS, alat na banki ya fi kowane saƙo. Tun daga Android 8 da ya fito a 2017, kowace manhaja na iya raba sanarwarta gida-gida, kowane gida da sautinsa. A manhajar saƙonni ta Google kana iya buɗe zaren saƙon bankinka ka ba shi ƙara daban, sai ya fita daga cikin tarin saƙonnin garaɓasa. Sai dai a nan zan ja kunne: ƙara ba shaida ba ce. 'Yan alat na bogi suna nan, saboda haka ko na ji sautin, ba na miƙa ko sisi sai na buɗe manhajar banki na ga kuɗi sun zauna. WhatsApp ma yana ba da damar sa ƙara daban, kowane mutum da kowane zaure. Zauren 'yan ajinmu na sakandare na rufe masa baki gaba ɗaya, Allah Ya sa kada su karanta wannan.

Ƙananan sautuka irin na danna haruffa, taɓa allo da kulle waya, a tawa kunnawa ko kashewa kawai ake yi, ba a sauya su. Na kashe duka ban da na caji. Wannan ɗan ƙit da waya ke yi idan wuta ta shige ta shi ke gaya mini ko caja ta kama, ba sai mai waya ya dawo bayan awa biyu mu yi ta ce-ce-ku-ce ba.

Sai maganar masallaci. Kowa ya taɓa jin waƙar biki ta tashi ana tsakiyar sujada, mai ita yana ta kokawa da aljihu. Akwai tsarin hana damuwa a cikin sashen sauti, wanda za ka tsara masa rana da lokaci ya riƙa kunna kansa. Na sa masa lokacin Juma'a da kuma dare. Da dare na bar ƙofa ga lambobin da na yi wa tauraro, da duk wanda ya sake kira cikin minti 15, don mai larura ba ya kira sau ɗaya ya haƙura. Agogon tashi kuma yana bugawa abinsa idan ka bar masa izini. Masu zuwa in sa musu ayar Alƙur'ani a matsayin ƙarar kira, nakan gaya musu abin da malamai da dama suka faɗa, cewa ɗaga waya yana yanke aya a tsakiya, kuma kira na iya samun mutum a ban ɗaki. Wasu su karɓa, wasu su ce in sa kawai.

Duk wannan bai ci mini ko kwabo na kati ba, ba kamar waƙar da kamfanin layi ke sa wa mai kiranka ya ji ba, wadda ita biya ake yi. Abin da har yanzu ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne a wayar yarona ta shago sandar ƙarar kira da ta saƙo a haɗe suke, idan ka ɗaga ɗaya ɗayar ta bi ta. Dabarar da muka yi ita ce muka zaɓa wa saƙonni sauti gajere mai laushi tun daga tushe, muka bar sandar a cike saboda kira.