Horon hira da 'yan jarida: kuɗina bai tafi a banza ba

Duk ɗan kasuwar da ke shirin baje kolin da ƙungiyar 'yan kasuwa da masu masana'antu ta KACCIMA ke shiryawa a Kano, ina ba shi shawara ya nemi wannan horo kafin a miƙa masa makirufo. Wani dattijo ne da ya daɗe yana aikin rediyo yake bayar da shi. Ni man gyaɗa nake tacewa a Sharada, kuma wata hira da aka gayyace ni ce ta kai ni wurinsa.

Ba lacca yake yi ba. Zaunar da kai zai yi, ya kunna rikoda, ya zama ɗan jarida. Tambayarsa ta farko gare ni: "Alhaji, gyaɗa ta sauko a Dawanau, me ya hana jarkar mai saukowa?" Mu 'yan kasuwa mun saba da doguwar shimfiɗa kafin mu kai ga magana. Ya nuna mini cewa a hirar da aka naɗa, edita ne ke zaɓar abin da zai fita, don haka amsa ta zo a jimlar farko: kuɗin dizal, wutar lantarki, da kuɗin mota tun cire tallafin mai a 2023. Daga nan sai ya kunna maka muryarka ka saurara. Wannan ɓangaren kaɗai ya biya kuɗin, domin ji ya fi faɗa.

Ya ja kunnena kan abu biyu. Kada ka faɗi adadin da ba ka da takardarsa. Kuma ce wa ɗan jarida "kar ka sa wannan" ba ya aiki bayan magana ta riga ta fita. Tun farko ake yin wannan yarjejeniya. Ya kuma hana ni cusa Turanci, tunda mai sauraron BBC Hausa a Maraɗi ko Damagaram ba lallai ya gane ba, alhali shi ma mai saye ne.

Inda ya gaza shi ne zamani. Rediyo ya sani ciki da bai, talabijin ma ya taɓa, har da batun kallon mai tambaya maimakon kyamara. Amma yaran da ke tare mutum da waya a bakin shago su yanka bidiyo su watsa a TikTok, bai ce komai a kansu ba. Kuɗin ma zai yi wa ƙaramin ɗan kasuwa nauyi, sai dai a haɗu 'yan layi ɗaya a yi karo-karo, kuma yana karɓar hakan.