Soda Stereo ko Maná, wa ya fi tasiri?

Ɗan'uwa, ka tambayi wace ƙungiya ce ta fi tasiri a kiɗan rock na Sifaniyanci tsakanin waɗannan biyun. In kasuwa ake nufi, Maná ce. In kuma wanda ya sauya wa sauran makaɗa hanya ake nema, ni Soda zan nuna.

Soda Stereo a Buenos Aires ta Ajantina suka haɗu a 1982: Gustavo Cerati mai waƙa da jita, Zeta Bosio mai jitar bas, sai Charly Alberti a kan ganguna. Shekarar ta zo musu daidai, domin lokacin yaƙin tsibiran Falkland da Birtaniya gwamnatin soja ta hana gidajen rediyo sa waƙoƙin Turanci, makaɗan gida suka samu fili. Amma su ba su tsaya a gida ba. Sun bi Chile, Peru, har Meziko, kuma wasansu a bikin waƙa na Viña del Mar da ke Chile a 1987 ya nuna cewa ƙungiyar da ke waƙa da Sifaniyanci za ta iya girgiza nahiyar baki ɗaya. Abin da ya fi burge ni shi ne ba sa maimaita kansu. Kundinsu Canción Animal na 1990 jita ce mai kauri, kai tsaye, amma bayan shekara biyu suka fito da Dynamo, inda muryar Cerati take nutsewa cikin amon jita, har wasu masoyansu suka yi ta ƙorafi. Sun rabu a 1997 da wasan ban kwana a filin ƙwallon River Plate da ke Buenos Aires, suka sake haɗuwa a 2007. Cerati ya samu shanyewar jiki a Caracas ta Venezuela a 2010, bai farfaɗo ba har ya rasu a 2014.

Maná kuwa 'yan Guadalajara ne a Meziko, da can Sombrero Verde ake kiransu. Fher Olvera ke jan waƙa, Alex González ke ganguna. Suna gauraya rock da rege, waƙoƙin soyayya masu saurin kama kunne. Kundinsu na 1992 ne ya ɗaga su, sannan suka yi "Corazón Espinado" da makaɗin jita Carlos Santana a 1999. Har yau suna cika filaye, musamman inda 'yan Meziko ke zaune a Amurka. Sai dai salon nasu bai cika sauyawa ba.

In da Soda za ka fara, soma da Canción Animal, sai Signos na 1986. Dynamo bar shi sai kunnenka ya saba.