PhET ko GeoGebra, wanne za a sa wa yara a ajin fiziks?

Malam, ka tambaya wanne ya fi tsakanin PhET da GeoGebra don yara su ga yadda lissafi ke aiki a darasin kimiyya. To gaskiya dukansu manhajojin kwamfuta ne na koyarwa, amma ba aiki ɗaya suke yi ba, shi ya sa mutane ke rikicewa, duk da dai dukansu kyauta ne kuma kana iya sauke su ka yi aiki ba intanet.

PhET daga jami'ar Colorado ta Amurka yake, Carl Wieman ne ya kafa shi a 2002, shekara ɗaya bayan ya ci kyautar Nobel a fiziks. Shi an riga an dafa maka komai, ci kawai za ka yi. Ɗauki misalin fendulam, ƙwallon nan da ake ratayewa a zare yana lilo. Yaro zai ja ƙwallon ya saki, ya ƙara nauyi ya ga lokacin lilon bai canza ba, sai ya rage zaren daga mita 1 zuwa mita 0.25 ya ga lilon da ke cin kusan daƙiƙa 2 ya koma daƙiƙa 1, har yana iya kai abin duniyar wata ya ga yadda yake lilo a kasalance. Cikin minti biyar aji ya ɗau zafi. Amma fa lissafin da ke juya abin yana ɓoye a ciki, yaro ba ya ganinsa kuma ba zai iya taɓa shi ba.

GeoGebra kuwa Markus Hohenwarter ne ya fara shi a 2001 a jami'ar Salzburg ta Ostiriya, kuma shi allo fari fat zai ba ka. Sai yaro ya rubuta ikweshan da hannunsa, T = 2π√(L/g), wato T lokacin lilo, L tsawon zare, g kuma ƙarfin jan da duniya ke yi wa abu zuwa ƙasa, ya sa silaida (ɗan maɓallin da ake ja don canza lamba) a kan g, yana ja daga 9.8 na duniyarmu zuwa 1.6 na wata yana kallon layin giraf yana ɗagawa. In ya manta ya sa alamar √ ɗin, miƙaƙƙen layi zai fito masa ba lanƙwasa, sai ya zauna ya nemo inda ya yi kwaɓa. Ni a nan nake ganin karatun yake, amma yana cin lokaci wallahi, kai kanka malamin sai ka zauna ka saba da shi tukuna, in ba haka ba yara za su ƙure ka a gaban aji.

Ni dai da ni ne, PhET zan fara da shi ranar farko su auna lokacin lilo na tsawon zare biyar su rubuta a littafi, washegari su zuba lambobin a GeoGebra su nemo ikweshan da zai bi ta kan ɗigogin. In kuma dole sai ɗaya, ƙananan aji PhET, 'yan ajin ƙarshe na sakandare GeoGebra.