America's Game: shirin tarihin Super Bowl da ya cancanci kallo, da inda ya gaza

Duk wanda ke son ya fahimci abin da ya sa Amurkawa suka ɗauki ƙwallonsu na hular kwano tamkar gado, to America's Game: The Super Bowl Champions ne ya fi dacewa ya fara da shi. Kamfanin NFL Films ne ya shirya shi, tashar NFL Network ta fara nuna shi a ƙarshen 2006. An fara da kashi 40, ɗaya ga kowace ƙungiyar da ta ɗauki kofin Super Bowl, wato kofin zakaran NFL, babbar gasar wannan ƙwallo a Amurka, daga nan kuma ake ƙara sabo duk shekara. Kowane kashi awa guda ne a talabijin, in aka cire talla ya rage kusan minti 45.

Tsarinsa ɗaya ne ba ya canzawa. Ana zaunar da mutum uku daga ƙungiyar, galibi 'yan wasa biyu da koci, kowa shi kaɗai a gaban kyamara, su ba da labarin kakar daga farko har ranar kofi. Wani fitaccen ɗan fim ne ke karanta bayanin da ke haɗa maganganunsu. Babu 'yan jarida, babu masu sharhi. Wannan taƙaitawar ita ce ƙarfin shirin, domin mutum uku in an ba su lokaci sai su wuce maganar "mun yi ƙoƙari" su shiga faɗin wanda suka yi faɗa da shi a ɗakin canja kaya da ranar da suka fid da rai.

Hotunan kuwa ba irin na wasan kai-tsaye ba ne. Tun 1962, lokacin da Ed Sabol ya sayi izinin ɗaukar wasan ƙarshe na gasar, kamfanin ya fara amfani da fim mai faɗin milimita 16, kuma ya riƙe shi shekaru da dama bayan kowa ya koma bidiyo. Suna ajiye kyamara ɗaya a sama don ta ɗauki yadda 'yan wasa suka jeru, wata a ƙasa bakin fili, wata kuma aikinta fuskoki ne kawai: hannun da aka naɗe da filasta, tururin numfashi a cikin sanyi, laka a raga ta hular kwano. Akwai salon da suka yi suna da shi, inda kyamara ke bin ƙwallo ita kaɗai tana juyawa a iska da tafiyar hawainiya har ta sauka a hannu. Ɗan Ed, wato Steve Sabol, wanda ya rasu a 2012, shi ya raini wannan salo. Ga kuma sauti. A Super Bowl na huɗu, cikin Janairun 1970, sun maƙala wa kocin Kansas City, Hank Stram, makirfo a jiki, aka ji duk abin da yake faɗa wa 'yan wasansa da alƙalai har suka doke Minnesota 23 da 7. Irin wannan ajiya ce ta sa tsofaffin kashin ba su zama labarin baka kawai ba.

Kashin Chicago Bears na 1985 ya fi kowanne nuna amfanin tsarin. Koci Mike Ditka, Jim McMahon da Mike Singletary ne suka zauna. Ƙungiyar ta ci wasa 15 ta faɗi ɗaya, a hannun Miami. A zagayen sili-ɗaya-ƙwale ta doke Giants 21 da nema, ta doke Rams 24 da nema, sannan ta lallasa New England 46 da 10 ranar 26 ga Janairun 1986. Amma abin da ke riƙe mai kallo shi ne tsamin dangantaka tsakanin Ditka da kocin 'yan bayansa, Buddy Ryan. Zakara biyu ne a akurki ɗaya, har ta kai ranar kofin 'yan wasa suka ɗauki kowannensu a kafaɗa daban. Akwai kuma batun Walter Payton, gwarzon da ya ɗauki ƙungiyar shekara goma amma bai samu cin maki shida na shiga da ƙwallo ƙarshen fili a wannan wasa ba, aka ba William Perry ƙwallon ya shiga da ita. Ditka ya sha faɗin nadamarsa a kan haka.

Sai kashin New York Giants na 2007, da Tom Coughlin, Eli Manning da Michael Strahan. Sun fara kaka da faɗuwa biyu a jere, suka ƙare da nasara 10 da faɗuwa 6, suka ci wasa uku na zagayen sili-ɗaya-ƙwale a gidan abokan hamayya, na ƙarshe a Green Bay cikin sanyin da ya mai da fuskar Coughlin ja jawur. Ranar 3 ga Fabrairun 2008 suka gamu da New England da ta ci wasa 18 ba faɗuwa. Saura minti ɗaya da daƙiƙa 15, Manning ya ƙwace daga hannun masu riƙe da rigarsa, ya wurga, David Tyree ya danne ƙwallon a kan hularsa da hannu ɗaya, Rodney Harrison na New England yana ƙoƙarin fizge ta. Yadi 32 ke nan. Aka tashi 17 da 14. A tafiyar hawainiya har yatsun Tyree ana ƙirgawa.

A nan ne aibi na farko ya fito. Tyree ba ya cikin mutum ukun, don haka wanda ya yi abin da kowa ke tunawa, wasu ne ke ba da labarinsa. Wanda aka doke kuwa ba shi da baki kwata-kwata. Kamfanin ya ɗan rage wannan giɓi a 2008 da kashi biyar masu suna The Missing Rings, kan ƙungiyoyin da suka isa ɗaukar kofi ba su ɗauka ba, ciki har da Buffalo ta 1990 da Minnesota ta 1998.

Aibi na biyu ya fi nauyi. NFL Films mallakar hukumar gasar ce, kuma mai ɗaki ba ya tona asirin ɗakinsa. Karon kai da kai na shekarun 1970 ana nuna shi da kiɗa mai tashi a matsayin jarumta. Amma Mike Webster, wanda ya ɗauki kofi huɗu da Pittsburgh, ya rasu a 2002 yana da shekara 50, kuma a ƙwaƙwalwarsa ce Dokta Bennet Omalu, likita haifaffen Najeriya, ya gano lalacewar da yawan bugun kai ke jawowa. An wallafa binciken a 2005, shekara guda kafin shirin ya fito. Mai kallon kashin Pittsburgh ya riƙe wannan a ransa, don shirin ba zai tsaya a kai ba, kuma abin takaici ne ga aikin da ya iya nuna fuskar ɗan wasa kusa haka.

Na uku, ba a yi shi don baƙo ba. Ba a bayanin doka ko ɗaya. Kafin ka fara, ka san cewa ƙungiya na da dama huɗu ta ci gaba da yadi 10, shiga da ƙwallo ƙarshen fili maki 6 ne, bugun ta tsakanin sanduna maki 3. Saboda an yanka wasannin, sau da yawa ba za ka ga dama ta nawa ake ciki ko saura lokaci nawa ba sai mai bayani ya faɗa. Turancin 'yan wasan ma na da sauri da karin harshe, gara a kunna rubutun ƙasa.

Wajen nema ana yawan rikicewa da shekara. Sunan kashi na bin shekarar da aka fara kaka, alhali a farkon shekara mai zuwa ake buga Super Bowl. Miami ta 1972, wadda ta ci wasa 17 ba faɗuwa kuma masu tantance ƙungiyoyin shirin suka sa ta a matsayi na ɗaya, a Janairun 1973 ta doke Washington 14 da 7. Lambar kofin kuma da haruffan Romawa ake rubuta ta: XX shi ne na 20, XLII na 42. Wanda zai sayi faifan DVD daga Amurka ya duba na'urarsa tukuna, domin faifan can na shiyya ta 1 ne, Najeriya da Nijar kuwa suna shiyya ta 5, sai na'urar da aka buɗe wa kowace shiyya ce za ta karanta shi. In ta intanet ne, kada a sauke ingancin hoto ƙasa sosai a tsofaffin kashin, saboda ɗigo-ɗigon fim ɗin milimita 16 na dagulewa har lambar riga ta daina karantuwa, kuma da lambar ce kawai ake gane wanda ke cikin hula.