Gargaɗi: kar kowa ta ƙara sayen gwal da gwajin mayen ƙarfe

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Kwana huɗu ke nan ba na barci. Naira dubu 850 wata mata ta karɓe a hannuna ta ba ni tagulla. Dubu 850, kuɗin adashin da na yi wata goma ina zubi, na ce bari in mayar da su gwal in ajiye wa Ummi kafin lokacin aurenta.

Kafin wata ta zo tana ce min ai gangancina ne, ni ba yau na fara riƙe gwal ba. Na duba hatimi, 875 ne a jikin maƙullin sarƙar, lambar karat 21 ke nan, kamar yadda 750 take ta karat 18. Na sa ta ɗora a sikeli a gabana. Kuma na gwada. Wallahi na gwada.

A falona ta zauna. Ta buɗe jaka ta fito da wani ɗan mayen ƙarfe mai kamar maɓallin riga, ta ce, "Maman Ummi, ni ba na son a sayi kayana da kokwanto, kawo min duk ƙarfen da ke kusa da ke." Na kawo fil ɗin ɗankwalina, da allura, da kilif ɗin takarda guda uku daga jakar makarantar yara. Tana kusantar da shi suka yi tsalle suka manne, ɗaya na rataye da ɗaya. Sai ta ɗora shi a kan sarƙar, ko motsi ba ta yi ba. Ta ɗora a ɗan kunne, shiru. Ta dube ni ta ce, "Kin gani ko? Gwal ba ya bin maye." Ni da hannuna na karɓa na sake gwadawa sau biyu. Wannan maganar tata ita ke ta dawo min a kunne. Kin gani ko. Nan take na tura mata dubu 500, sauran dubu 350 washegari. A'a, a daren ne ma, don sai da ta kira ta ce wata Hajiya na jiran kayan idan ban cika ba.

A wani guruf na WhatsApp na mata na fara ganinta, wajen wata uku tana saka kaya, tana cewa daga Dubai take saro su. Har atamfa na taɓa saya a wurinta, lafiya lau ta kawo. To ta ina zan zarge ta?

Ranar Asabar na saka sarƙar zuwa suna, na dawo na ga wuyana ya yi kore-kore. Litinin na kai wa mai gwal a kasuwa, dattijo ne. Yana ɗauka, tun kafin ya taɓa komai, ya jijjiga ta a tafin hannu ya ce, "Hajiya, wannan ba ta yi nauyin girmanta ba." Ya goga gefe da magagari, ya ɗiga ruwan asid, wurin ya tafasa ya koma kore a kan idona. Ruwan gwal ne kawai aka yi wa tagulla. Na ce Baba ai maye bai kama ta ba. Bai ce komai ba, ya jawo guntuwar wayar wuta ta jan ƙarfe ya ɗora mata maye, bai kama ba. Ya ɗauko gwangwanin lemo na alminiyum, bai kama ba. Ya kai shi jikin gwangwanin tumatir, ƙwas ya manne. Ya ce maye baƙin ƙarfe yake ja, da duk abin da aka haɗa da shi, irin ƙusa da reza da allura, sai kuma nikel. Tagulla da jan ƙarfe da azurfa da dalma duk ba ruwansa da su, har wasu cokulan silba ma ba ya kama su. Idan ya kama sarƙa, to da matsala. Idan bai kama ba, bai gaya miki komai ba. Ya ce ko gwal na gaske wani lokaci maƙullinsa yakan ɗan motsa, saboda siririn ƙarfen da ke ciki. Nauyi ya kamata in lura da shi, don gwal ya ninka tagulla nauyi idan girmansu ɗaya. Hatimi kuwa kowa zai iya bugawa.

Ashe ta san abin da take yi. Ita ta kawo mayen, ita ta zaɓi gwajin da ta san kayanta za su tsallake, ta sa na ɗauko kilif da hannuna don in yarda. Na ba ta ruwa da lemo a gidana. Dubu 850.

Tun ranar Lahadi lambarta ba ta shiga, ta fita daga guruf ɗin, ta rufe ni ta ko'ina. Har yanzu ban iya gaya wa maigida ba.

Mata, kar ku biya sai mai gwal ɗin da ku kuka zaɓa ya goga ya sa asid. Ta ƙi binku kasuwa, ku bar mata kayanta.

Ina da hoton hirarmu duka, da shaidar tura kuɗin guda biyu, da saƙon muryarta inda take rantsuwa da Allah. Zan saka su anjima idan ƙanena ya gama haɗa min, gobe kuma da su zan tafi wurin 'yan sanda. Duk wadda ta sayi sarƙa a hannun mai yawo da maye a jaka ta yi min magana ta akwati, don na tabbata ba ni kaɗai ba ce.